Dillalin gona ya shiga salula

 

Yau maganar ƙasa zan yi, wato gona da fili da gida, da yadda cinikinsu ya koma cikin salula. Ni ba dillali ba ne. Aikina koya wa manya karatu da rubutu da lissafi a nan ƙasar Hamdara. Amma a ƙauye wanda ya iya karatu ba ya rasa aiki. Wanda aka aiko wa saƙo wurinka zai zo. Wanda aka ba takarda wurinka zai zo. Ta haka na ga tallar filaye iri-iri, na ga takardu masu kyau, na ga na banza. Abin da idona ya gani shi zan faɗa muku.

Kakanninmu ba su san tallar gona ba. Gona gadonta ake yi. Ana ba da aronta, ana jinginar da ita in yunwa ta matsa, ana yanka wa baƙo ya zauna. Sayarwa abin kunya ne, mai yi a ɓoye yake yi. Iyaka kuwa layin gamba ne, ko gawo, ko tsohuwar kuka. Shaidu su ne mai gari da liman da maƙwabta. Babu takarda, kome yana cikin kan tsofaffi. Ranar da tsoho ya rasu, abin da ya sani ya bi shi kushewa.

A watan Disamba na 1974 shugaba Seyni Kunce ya yi shela cewa gona ta zauna a hannun wanda yake nomanta. Masu noman aro sun ji daɗi. Masu ba da aro kuwa tsoro ya kama su, rigingimu suka yi yawa a gaban sarakuna. Daga baya, ran 2 ga Maris 1993, gwamnati ta fito da babbar dokar karkara, wadda ake kira Kod Rural. Ita ce ta kawo hukumomin kula da ƙasa, waɗanda muke cewa kofo. Mirya tamu tana cikin wurare na farko da aka kafa kofo a Nijar, a 1994. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Me ya sa ƙasa ta yi tsada haka? Mutane ne suka yi yawa, ƙasa kuwa ba ta ƙaruwa. Ku dubi Damagaram. Zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, Birni yana cikin ganuwa, fatake suna sauka Zango. Nasara suka zo a 1899, suka mai da garin babban birnin ƙasa, har 1926 da aka koma Yamai. A ƙidayar 2012 mutanen garin da ƙauyukansa sun haura dubu 300. An buɗe jami'a a 2010, matatar mai ta Soraz ta fara aiki a 2011. Ma'aikaci yana son gida, ɗalibi yana son ɗakin haya, ɗan kasuwa yana son kanti. Inda aka san gonakin hatsi, yanzu tubali ne da kwano. Daga Damagaram zuwa Mirya kilometir 18 ne kawai, mu kuma muna gaba kaɗan, a kan babbar hanyar da ta nufi Gure da Difa. Duk gonar da ke bakin kwalta akwai idon da yake kallonta.

Dillalin da muka sani yana zama a gindin itace ko a bakin kasuwa. An san gidansu, an san ubansa. Ya haɗa mai saye da mai sayarwa, a tafa, a ba shi la'ada. In ciniki ya ɓaci an san ƙofar da za a buga. To, yanzu dillali ya shiga salula. Facebook ya fito a 2004, WhatsApp a 2009, duka daga Amurka. Abin da ya kawo WhatsApp ƙauye shi ne saƙon murya, wanda yara ke cewa bokal. An fara shi a 2013. Ba sai ka iya rubutu ba. Ka danna, ka yi magana, ka saki, magana ta tafi. Gurup guda yana ɗaukar mutum fiye da dubu. Akwai gurup na ƴan gari ɗaya, akwai na ƴan kasuwa, akwai wanda ba a kome cikinsa sai tallar fili da gida da mota. Wani kuma a sitati yake sa hoton, ya kwana ya wuni, bayan awa 24 ya ɓace.

Abin yana da amfani, kada wani ya ce muku babu. Ƴaƴanmu suna Libiya, suna Aljeriya, suna Agadas, suna Kano da Legas. Tun da aka ga zinariya a Jado a 2014 samari da yawa sun yi arewa. A da in yaro ya tara kuɗi yana son fili, sai ya aiko wa wani, ya zauna jiran labari. Yanzu a nuna masa wurin a bidiyo, ya ga rijiya, ya ga hanya, ya ji muryar mahaifinsa. Mai sayarwa shi ma ya huta da dillali guda da ke taya masa yadda ya ga dama. Da magana ta shiga gurup, masu tayi sun zama biyar ko goma. Na ga wata gwauruwa mai ɗakuna biyu a Mirya. Sun yi watanni babu ɗan haya. Jikanta ya ɗauki hoto ya sa a gurup, kafin kasuwar Lahadi ta zagayo wani malamin lakwal ya shiga. Mace da ba ta fita ma tana iya jin farashi daga ɗakinta, ba a rufe ta da ƙarya kamar da.

Ni abin da ya fi yi mini daɗi shi ne sanin farashi. Manomi ya daɗe yana sayar da kayansa a makance. Yanzu ko ba ka sayar da kome, zama cikin irin wannan gurup makaranta ne. Kana jin abin da aka taya fili a Mirya, kana jin na bayan gari a Damagaram, ka san inda taka gonar ta tsaya.

Amma hoto ba ya nuna iyaka. Rairayin Hamdara da na Gidimuni da na Zarmu duk kama ɗaya ne a cikin salula. Mutum yana iya tsayawa a gonar wani, ya ɗauki bidiyo, ya ce tasa ce. Wa zai hana shi? Kuma saƙo yawo yake yi. Na farko ya faɗi kuɗi, na biyu ya tura ya ƙara nasa, na uku ya ƙara nasa. Kafin ya iso gare ka dillalai huɗu sun hau kansa, a cikinsu babu wanda ya taɓa taka wurin. Ku duba saman saƙon. In kun ga ƴar kibiya a lanƙwashe, turo shi aka yi daga wani wuri. In kibiyar biyu ce, ya bi hannu da yawa. Wannan ko wanda bai gama ajin farko ba yana iya gane shi.

Bari in ba ku labarin da ya sa na ɗauki alƙalami. Akwai wani dattijo a cikin ɗalibaina, mutum mai haƙuri, ba ya fashin aji. Mahaifinsu ya rasu ya bar gona a bakin hanya. Ba a raba gado ba. Su bakwai ne, maza huɗu mata uku, suna noma tare, ana raba damma. Ƙaraminsu yana zaune a birni yana kabu-kabu. Da rani ya zo gaisuwa, ya zagaya gonar da salula a hannu, ba wanda ya kula. Ashe talla ya ɗauka. Ya sa a gurup cewa gonar gado ce tasa, babu rigima, buƙata ce ta taso.

Wani saurayi da ke aikin zinariya a arewa ya gani. Suka yi ciniki da murya, dare biyu. Ya je gidan aika kuɗi ya turo, kashi biyu. Shekara uku yana haƙa rami kafin ya tara kuɗin nan. Da damina ya sauko da buhunan siminti a amalanke, zai kafa turaku. Ya tarar da hatsi ya kai gwiwa, mutane suna maimai. Ya ce su fita daga filinsa. Saura kaɗan a ɗaga hauya.

Aka tafi gaban mai gari, aka kira ni in karanta abin da ke hannun yaron. Takardu biyu ne na gidan aika kuɗi. Akwai sunan wanda ya aiko, akwai sunan wanda ya karɓa, akwai yawan kuɗi da kwanan wata. Babu kalmar gona ko ɗaya. Ma'aikatan gidan sun yi aikinsu daidai, kuɗi aka ba su, sun isar. Na ce to, a kawo muryoyin. Yaron ya buɗe salula, sai ga wurin wayam. WhatsApp yana ba mutum kamar kwana biyu ya goge abin da ya aika, ya ɓace har a salular wanda ya karɓa. Mai kabu-kabu ya san wannan. Da kuɗi suka shiga hannunsa ya share na ƙarshe, waɗanda aka faɗi farashi a ciki. Da ya ji an taso kuma ya tsallaka iyaka.

Mai gari ya yi sulhu. Gona ta zauna ga magada, don ba wanda ke da ikon sayar da abin da ba a raba ba. Amma dangi suka ce ba za su bar sunan gidansu a bakin duniya ba, za su biya. Dattijon ya sayar da shanun hudarsa biyu. Matan nan uku, waɗanda ba wanda ya shawarce su tun farko, kowacce ta fid da awaki. Har yanzu da saura. Saurayin ya koma rami. Dattijon bana da hauya ya yi noma, shi da ƙananan ƴaƴansa, kuma ya rage zuwa aji, ya ce kunya yake ji.

Makiyaya, ku ma maganar ta shafe ku, har ta fi. An sha turo mini tallar da ake cewa ga daji babu mai shi, hekta kaza, a zo a saya. A ƙasar nan babu dajin da ba shi da mai shi. Wurin da manomi ya gani fayau, wataƙila burtali ne, ko makiyaya, ko mashaya. Da rani ba ka ganin kome sai kashin shanu. Da damina nan ne hanyar garke. Dokar kiwo ta ran 20 ga Mayu 2010 ta ce yawon kiwo haƙƙin makiyayi ne. Ta ce burtali da makiyaya na jama'a ne, suna hannun gwamnati, ba mai ikon mallake su shi kaɗai. Wanda ya sayi burtali ya sayi faɗa, ko da takardarsa ta cika da hatimi. Shawarata ga ardo da wakilan makiyaya, ku ma ku shiga waɗannan gurup. In kun ga ana tallar wurin da kuka san hanyar dabbobi ce, ku yi magana nan take, ku kai wa kofo tun ba a zuba tubali ba. Inda aka kafa turakun siminti a gefen burtali, ku ɗauki hotonsu ku ajiye. Turaku suna da ƙafa da dare.

Yanzu mu yi ɗan lissafi, irin wanda muke yi a allo. Hekta guda metir 100 ne a tsaye, metir 100 a kwance. In ka buga, metir murabba'i dubu 10 ke nan. Filin gida mai metir 20 kowane gefe, 400 ne. Raba dubu 10 gida 400, ka sami 25. A cire wurin hanyoyi, a ce saura 17 ko 18. To, wanda ya zo yana taya maka gona da kuɗin gona, shi a ransa filayen gida 17 yake gani. A ce ya ba ka miliyan guda na sefa, ka ga kamar ka haye. In ya sayar da kowane fili jika 200, ya tashi da miliyan uku da jika 400. Wannan misali ne na kawo, kowa ya sa farashin garinsu ya buga da kansa. Kuma ku sani, yanka gona a mai da ita unguwa ba a yin sa sai da izinin hukuma. Filayen da aka yanka a ɓoye, ranar da ma'auna suka zo hanya tana iya bi ta tsakar ɗakin mutum.

Ni dai ra'ayina, in ba dole ba kada a sayar da gonar da ake ci. Na ga kuɗin gona sun zama babur da biki da buhun shinkafa, shekara biyu babu ko ɗaya. Akwai haya, akwai aro, akwai jingina, dukansu gona tana komowa gida. Amma ban ce kowa ya bi ni ba. Wani ciwo ne ya kama shi, wani bashi ne. Wanda zai sayar ya sayar da rana tsaka, da sanin danginsa, mata da maza.

Mu komo kan kofo. Hawa-hawa ce. Akwai ta ƙauye, mai gari ne shugabanta. Akwai ta komin, akwai ta departama a Mirya. A ciki akwai wakilin manoma, na makiyaya, na mata, na samari. Suna ba da takardar shaidar gonar gado, da ta sayarwa, da ta kyauta, da ta aro, da ta haya, da ta jingina. Kafin a rubuta akan je a ga gonar, a kira maƙwabta, a yi shela ko akwai mai magana. Takardar ana yin ta fiye da ɗaya, taka tana hannunka, sauran suna ajiye wurin hukuma. In gara ta ci taka, ko gobara, akwai inda za a duba. Filin cikin birni kuwa takardarsa daga meri take fitowa. Tana ɗauke da sunan unguwar da aka yanka, da lambar ilo, da alamar filin, da faɗinsa. Kada ka yarda da hotonta a salula. Hoto ana gyara shi, a cire suna a sa wani. Ka ɗauki lambobin ka je ofishin filaye na meri, a buɗe babban littafi, ka ga sunan da ke ciki da idonka. In ba ka gari, ka wakilta wanda ya iya karatu, ba abokin mai sayarwa ba.

Wani zai ce wannan duk wahala ce, ga kuɗin mota, ga jira a ofis. Gaskiya ne, akwai jira. Wani lokaci ka je ka tarar sakatare ba ya nan. Amma ku tambayi dattijon nan ko kwana nawa zai yarda ya yi a bakin ofis a mayar masa da shanunsa.

Wanda aka cuta ta salula kada ya yi shiru don kunya. Tun 2019 Nijar tana da dokar hukunta laifin da aka yi ta intanet, zamba tana ciki. A je jandarmeri da lambar mutumin da takardar aika kuɗi. Kuma tun ana cikin ciniki, duk muryar da aka faɗi kuɗi ko iyaka a ciki, ka tura ta salular wani ɗan'uwanka nan da nan. Abin da ka tura can mai gogewa ba ya iya kai masa hannu.

Saura mai gaskiya da yake son ya yi talla. Shi ma akwai yadda ake yi. Yawancin tallar da nake gani kirari ne kawai: wuri mai kyau, sai wanda ya gani, a yi sauri kada a rasa. Mai hankali da ya ji ana gaggauta shi sai ya ja baya. Ka faɗi sunan garin. Ka faɗi abin da ke gabas da yamma da kudu da arewa. Ka faɗi irin ƙasar, jigawa ce ko fadama, da nisan ruwa. Ka faɗi takardar da ke gare ka, amma kada ka watsa hotonta a gurup, ɓarayi da irinta suke aiki. In bidiyo ne, ka bi iyaka da ƙafa daga kusurwa zuwa kusurwa, maƙwabcinka yana gefenka yana magana. Ka fara da gurup na ƴan garinku, inda aka san ka, kafin ka kai na baƙi. In ka sa dillali, ku yanke la'ada tun farko a gaban shaida, kuma ka hana shi ƙari a kan kuɗin da ka faɗa.

Bana na sa wannan cikin darasi. Kowane ɗalibi ya rubuta tallar wani abu nasa a allo, mu gyara tare. Wata dattijuwa tana da garka da ta gada, ƙarfinta ya ƙare, ƴaƴanta suna tafiya. Ta yi kwana uku tana fama, don harafin ƙ da k suna rikita ta. Ga abin da ta rubuta a ƙarshe, ba mu taɓa mata ko kalma ba:

Garka ta haya, rani ɗaya. Gabas garkar liman. Yamma hanyar rijiya. Kudu tabki. Arewa jigawa. Akwai rijiya biyu da dabino huɗu. Dabino nawa ne, ba ya cikin haya. Za a rubuta takarda wurin mai gari. Ba a turo kuɗi sai an zo an gani.

Jikarta ta kwafe shi a salula ta sa a gurup na ƴan gari. Mutum uku suka kira. Na farko daga Agadas, ya ce zai turo kuɗi a daren, ta ce a'a, ya karanta layin ƙarshe. Na biyu ya nemi a sa dabino a ciki, ta ƙi. Na uku mutumin ƙauyen da ke kusa ne, ɗansa ne ya ga tallar a Kano ya buga masa. Ya zo a kan jaki ran Talata, ya leƙa rijiyoyin, ya dafa ƙasar, suka tafi wurin mai gari. Da aka miƙo mata tawada ta dangwala yatsa, ta ce a ba ta biro. Yanzu albasa da kabewa ne a garkar, an fara ban ruwa.